Hannun Mai Jan Katako

A wurin sayar da katako na garin Eureka, Noreen na kallon wani tsoho da ba ta sani ba. Dogo ne, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, irin ta wanda ya daɗe yana saɓa kaya. Yana ture allunan katako da ke da farin gefe, yana zaɓen masu jan ciki. Ruwan ɗacin da ke hana gara da ruɓa a nan yake.

Hannuwansa baƙi ƙirin ne har cikin farce. Haka ruwan jan katako yake yi in ya haɗu da ƙarfen zarto. Da shigowarsa ya miƙo mata hannu, ta karɓa, sai kuma ta goge nata a jikin wando. A kan idonsa.

"Ba ya shafar kowa, 'yata," in ji shi, ba tare da fushi ba. "Matata ta gwada sabulun duniya, ta haƙura."

Yanzu yana neman ƙusar da ba ta tsatsa, don kada benci ya yi zanen baƙi. Na mutum biyu ne ko na ɗaya? Noreen ba ta tambaya ba. Wataƙila matar ta rasu, wataƙila tana mota tana jira.

Abin da ke cin ranta shi ne ta san wannan baƙin sarai. Da irin hannun nan mahaifinta yake gutsura mata burodi tana yarinya, kuma ba ta taɓa goge komai ba.