Ranar da Yayana Ya Rataye Ɗan Biri

Wallahi abin nan a idona ya faru, kuma har yau in na tuna zuciyata tafasa take. A Gidimuni ne, shekarar da aka kwashi maza zuwa aikin ganuwar Damagaram, gonaki suka rasa masu tsaro, birai suka samu sake. Ni da yayana Abdu gona ɗaya baba ya bar mana, muka raba ta da layin gamba a tsakiya. Ina da wata karya, Guntuwa, ita ke taya ni kora.

Wata rana da hantsi Abdu ya kama ɗan jan biri a tarko, ɗan mitsitsi, ko yaye bai kai ba. Na ce, "Yaya, sake shi, uwarsa ce can kan gawo tana kallonmu." Ya ce, "To ta kalla da kyau." Ya maƙure shi, ya rataye a kan sanda tsakiyar gero wai don sauran su ji tsoro.

Da la'asar sai ga biran, garke guda, amma babu kuka, babu wanda ya taɓa zangarniya ko ɗaya. Suka zauna a jere bakin gona kamar masu zaman makoki. Na tura Guntuwa, karyar da ba ta taɓa ganin biri ta ƙyale ba, sai ta wuce ni ta nufi sandar nan, ta yi ta tsalle har ta tsinke igiyar, ta ɗauko gawar a hankali yadda take ɗaukar 'ya'yanta, ta kai gaban uwar ta ajiye. Na rantse da Allah haka aka yi.

Washegari muka iske gefen Abdu a kwance, an kakkarya gero tun daga tushe, ba a ci ba, lalatawa kawai. Daidai layin gamba ɓarnar ta tsaya, nawa ko ganye bai faɗi ba. Abdu ya dube ni ya ce, "Karyarka ta haɗa baki da su." Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, dabba ce." Kafin in rufe baki ya sauke mata ƙotar hauya a ka. Sau uku. Tana kallona tana jan jiki zuwa ƙafata. Da ba ciki ɗaya muka fito ba, ranar nan da ɗayanmu bai koma gida ba.

Na je neman abin haƙa rami, na dawo na tarar da uwar birin zaune kan gawar Guntuwa tana tsefe mata gashi da yatsu, yadda suke yi wa junansu. Ta ɗago ta dube ni.

Tun ranar ban ƙara cin tuwo a akushi ɗaya da Abdu ba. Bayan kaka ya bar noma, ya koma Zangon Damagaram yana yi wa fatake lodi. Shekara biyu bayan haka inna ta matsa mini in je in gaishe shi. Da na je, muna tafe ni da shi a hanyar mahauta, inda karnuka ke ta faɗa kan ƙashi, sai duk suka saki abin da ke bakinsu, suka zauna a jere, shiru, suna bin sa da ido har muka wuce. Ni ko kallo ban ishe su ba. Abdu ya ce, "Kullum haka suke mini." Karnukan nan ba su taɓa taka Gidimuni ba, wasunsu ma ba a haife su ba lokacin. To wa ya gaya musu?

Ban ji tausayinsa ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na yafe ba. Ku dai da labarin nan ya iske, kafin ku ɗaga sanda kan abin da ba ya magana, ku waiga ku ga su wa ke kallo.