Shimfiɗar Turaren Inna

Mahaifiyata turare take haɗawa a Gaya tun kafin a haife ni. Ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta kuma aika talla. Mata ne suke sallama su shigo da 'yan kwalabensu a ƙarƙashin mayafi, su zauna a bakin ɗakinta, ta tambaye su na ɗaki suke so ko na jiki. Inna muke ce mata, har 'yan unguwa ma suka ɗauka.

Abin da take fara zaɓa ba kayan ƙamshin ba ne, abin da za su zauna a cikinsa ne. Ita "shimfiɗa" take kiransa, ban kuma taɓa jin wani ya kira shi haka ba. Na ɗaki da ruwa take yi, amma ba ruwan rijiyarmu ba, don yana da zartsi, yana kashe ƙamshi. Ruwan sama take tarawa a randa ta musamman, ta jiƙa saiwar jema da kajiji da kanumfari, ta tace, a tsoma sabuwar tsintsiya a yayyafa a daɓe da bango. Kwana uku yake yi ya fara tsami. Na jiki kuwa mai yake so. Man gyaɗa ba ya daɗewa yake juyawa, man kaɗe warinsa yana danne komai, man riɗi da dama-dama. Wanda ta yarda da shi shi ne man aduwa. Takan ce shi ba ya da baki, abin da ka ba shi shi zai riƙe maka.

Ni kaɗai ce 'yarta da ta rayu. Na yi firamare, aka tura ni makarantar horon malamai a Kano, na dawo ina koyarwa a Gaya wajen shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Tun daga nan Inna ta daina ce min "ke 'yar nan", ta koma "Malama", rabi tsokana rabi alfahari.

A Kano na ga yadda wata abokiyar karatuna take zuba madarar turare a cikin sifirit, irin wanda ake samu a kemis, ta sa a kwalba mai ƙwallon roba a wuya. In an matsa robar sai ya fito kamar raɓa. Ba ya tsami, ba ya ɓata zane da maiƙo. Na dawo da kwalba biyu da sifirit ɗin, ina ɗokin in nuna wa Inna.

Na fesa mata a bayan hannu. Ta kai hanci, ta jira, ta sake kaiwa.

Ta ce, "Yana da sanyi. Amma duba, har ya tafi. Wannan ai baƙo ne, Malama, gaisawa kawai yake ya wuce."

Na ce, "Sai a sake fesawa, Inna."

Ta yi dariya ta ce, "To, ki yi naki in yi nawa."

Baba ne kawai ya ɓata rai. Ya ce ya ji ana cewa sifirit ɗan'uwan giya ne, ya tambayi malamai, wasu sun ce ba laifi tunda ba sha ake ba, wasu sun ce a guje shi. Bai hana ni ba, ya dai ce kada ya taɓa rigar sallarsa.

'Yan mata da matan ma'aikata suka rungumi nawa. Tsofaffin abokan cinikin Inna suka tsaya a kan nata. Da haka muka zauna lafiya kusan shekara guda, sai dai ni a zuciyata na riga na yanke cewa nata ya zama tsohon yayi.

Da damina ta tsaya sai Inna ta kwanta da wani zazzaɓi mai haɗe da mura. Ta yi kusan mako uku a kwance, sannan ta miƙe. Bayan nan na riƙa ganin wasu abubuwa ban haɗa su wuri ɗaya ba. Miya ta kama a tukunya tana zaune a gefenta, har sai da na fito daga ɗaki da gudu. Ta rage cin abinci, ta ce komai ya zama lami. Sannan ta tsiri wata ɗabi'a. Duk abin da ta haɗa sai ta miƙo min ta ce, "Malama, me kika ji a nan?" In na ce kanumfari ya yi yawa, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Haka ne." Na ɗauka jarrabawa take min, tana so ta nuna min har yanzu ban kai ba. Abin ya riƙa ba ni haushi.

Da kaka sai Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Gafasa, ta zo ta ce an sa ranar bikin 'yarta, tana son turaren amarya. Muka zauna mu uku a tsakar gida. Na ce a yi duka da sifirit, na ɗaki da na jiki, a huta. Inna ta ce amarya ba ta shiga ɗaki da abin da zai gudu kafin a gama sallama. Goggo ta raba mu, ta ce in yi na ɗaki, Inna ta yi na jiki.

Man aduwar Inna ya ƙare a lokacin, matar da take tatso mata kuma ta tashi daga garin. Ranar kasuwa ta fita da kanta ta sayo wani a wurin wata da ba ta sani ba. Washegari da safe, ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta, ta biyo ni har zaure da kwalbar man a hannu.

Ta ce, "Malama, ɗan shinshina min wannan."

Na ce, "Inna, na makara. Ke da kika fi kowa sanin mai, me zan gaya miki?"

Ta ce, "Ɗan tsaya dai."

Na ce, "In na dawo."

Da na dawo na manta, ita kuma ba ta sake tambayata ba. Ta daka sandal da farcen turare da jawul, ta zuba madarar turaren da ta daɗe tana ɓoyo don irin wannan rana, ta toshe bakin kwalbar da tsumma da kakin zuma. Kwana goma sha wani abu tana fitar da ita rana da safe, ta shigar da ita da yamma. Ba a buɗe irin wannan sai a gaban mai shi, haka al'adarta take.

Ana gobe ɗaurin aure muka shiga akori-kura zuwa Gafasa. Inna ta rungume kwalbar a cinya don kada gargada ta fasa ta. Gidan Goggo ya cika da mata, har da dangin ango da suka zo daga Balan. Na fara fitar da nawa, na fesa a ɗakin amarya, mata suka riƙa leƙowa suna son su ga yadda robar take aiki. Kaina ya yi girma. Sai Goggo ta ce, "To, ku matsa, yanzu za ku ji na asali."

Inna ta karya kakin, ta zare tsumman, ta ɗiga man a tafinta, ta kai hanci, ta lumshe ido kamar yadda ta saba. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ya nuna." Ta kamo hannun amarya ta fara shafa mata.

Warin ne ya riga komai isowa gare ni. Tsohon man gyaɗa ne aka gauraya mata, ya juya tun kafin ta saya, zafin rana kuma ya ƙarasa shi. Sandal ɗin yana can ƙasa, da ƙyar ake jin sa. Amarya ta kawar da fuska, ba ta iya janye hannunta ba saboda kunya. Wata daga dangin ango ta ja mayafi ta rufe hanci. Inna kuwa tana ta shafawa tana sa albarka.

Kunya ce ta kama ni, kuma ba don ita ba, don kaina. Na fizge kwalbar daga hannunta na ce da ƙarfi, "Haba Inna! Wai hancinki ba ya ji ne?"

Wasu suka yi 'yar dariya. Inna ta dubi tafin hannunta, sannan ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Ba ya ji."

Goggo ce ta yi ta maza, ta ce masu mai na yanzu ba su da tsoron Allah, ta sa aka kawo sabulu da ruwan ɗumi aka wanke wa amarya hannu. Inna ta tashi ta koma bayan rumbu ta zauna. Ban bi ta ba. Na tsaya ina fesa wa mata nawa a gefen zane, don ban san da wace fuska zan je mata ba.

Sai bayan an kai amarya, muna zaune a gindin tsamiya muna jiran motar komawa, na samu bakin magana.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun zazzaɓin nan. Na tashi kawai na ji duniya ba komai a cikinta. Hayaƙi ma sai ya shiga idona nake sanin an hura wuta."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na ɗauka zai dawo. Kullum in na tashi sai in buɗe kanumfari in gwada." Ta gyara kullin zanenta. "Kuma in na faɗa, wa zai sake kawo min kwalbarsa? Ke ga naki yana tafiya. Ni wannan kaɗai na iya."

Na ce, "Da kin ce min ba kya ji, wallahi da na tsaya ranar nan."

Ta ce, "Ai na ce ki ɗan tsaya."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi min faɗa da na fi samun sauƙi. Na durƙusa a gabanta a bakin hanya ina kuka ina neman gafara. Ta dafa kaina ta ce ta yafe, in tashi kada mutane su taru.

Labari ya riga mu isowa. Wasu matan suka daina zuwa, wasu suka ci gaba don kara, su kuma ita ce ta riƙa mayar da su. Takan ce, "Ku je wajen Malama." Randar ruwan sama ta koma ta wanke-wanke. Ƙaramin turmin da take daka sandal ta ba wata maƙwabciya tana daka yaji.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na yi cigiya har na samo man aduwa mai kyau daga wajen Ajingi, na kawo mata na ce mu yi tare, ita ta zuba ni in shinshina. Ta yarda sau ɗaya. Muka shimfiɗa tabarma, ta ɗebi garin sandal da yatsu uku ta zuba, ta ce, "Yaya?" Na ce da daɗi. Ta ce, "Daɗi wane iri? Ya zauna ko yana yawo a sama?" Na sake kai hanci, ban gane bambancin ba. Ita ba ta taɓa awo da cokali ba, hanci ne ma'auninta, ni kuma shekarun da ya kamata in zauna kusa da ita in koya na yi su a makaranta, da na dawo kuma na raina. Ta yi ta tambaya ina ta kame-kame. Can ta karkaɗe hannunta ta ce, "Bar shi, Malama. Kin gaji, ni ma na gaji." Man nan a miya ya ƙare.

Shekara huɗu ta yi bayan haka. Ta koma kiwon awaki, tana zuwa barka da ta'aziyya, tana dariya in an ba da labari. Ba ta taɓa tayar da zancen Gafasa ba. Amma ta rame, don abincin da ba ta jin daɗinsa tura shi kawai take yi, kuma duk bikin da aka yi a dangi sai ta sami dalilin zama a gida. Ni na yi aure a cikin garin, kullum in na taso daga makaranta sai na biya ta wajenta. Na ci gaba da haɗa na fesawa na ɗan lokaci, har kantuna suka cika da na gwangwani, ba mai neman nawa.

Ta rasu da hantsi, ran wata Laraba, bayan jinyar kwana biyar. Ina riƙe da ƙafarta. Da masu wanka suka gama, ɗaya ta leƙo ta ce a kawo turaren da za a sa wa likkafani. Na shiga ɗakinta na buɗe akwati, na duba ƙarƙashin gado, na zazzage kwallaye. Kwalabe na nan jere, duka a wanke, a bushe. Ko ɗigo babu. Na tuna akwai ragowar nawa a jakata, na ɗauko. Baba yana tsaye a bakin zaure, ya ga kwalbar a hannuna, ya girgiza kai a hankali ya ce, "Ba da wannan ba."

Maƙwabciyarmu ce ta ruga gidanta ta kawo wani ɗan turaren kasuwa da mijinta yake shafawa ran Juma'a. Da shi aka sa mata. Aka ce in zo in yi mata addu'a kafin maza su ɗauka. Na durƙusa kusa da kanta na fara, sai na ji ƙamshin wani mutum dabam a jikin mahaifiyata, na kasa ci gaba da addu'ar. Goggo ce ta ƙarasa, sannan ta kama kafaɗata ta ɗaga ni, maza suka shigo.