Mai Gudu da Akuya

Ban gama sakandare ba. Ina aji uku mahaifina ya rasu, na koma Birnin Tudu na kama garma, daga baya na koyi gyaran injin ban-ruwa. Da shi nake ci har yau, a wata rumfa cikin Talata Mafara. Na faɗi wannan tun farko don kada wani mai digiri ya karanta ya ce ban san gurguzu ba. Ban san shi ba ɗin. Ɗan abin da na sani daga bakin wani tela na ji shi, a gidan kallo, kuma ya ishe ni.

Telan mutumin Gidan Goga ne, ƙasar Maradun, ya ɗan girme ni. Ya yi aiki a masaƙa a Kaduna har aka rufe ta, ya dawo gida da keken ɗinki da tari da bakin 'yan ƙwadago. Kwamared kowa ke ce masa, yawanci don ba'a, shi kuwa yana amsawa kamar an naɗa shi sarauta. Ni Injiniya yake ce mini. Ya san ba'a ce, ni ma na sani.

Kowace Talata yakan zo kasuwa sayen yadi da zare. In an yi azahar ya biyo ta rumfata mu ci abin da ya samu, mu wuce gidan kallon da ke bayan tasha. Ɗaki ne na kwano, zafi kamar tanda. Tabarma a gaba, benci a tsakiya, can baya 'yan kujeru ƙarƙashin fanka guda ɗaya tak, na masu ɗan hali. Ranar da muka fara shiga tare ya dubi fankar, ya dubi tabarmar, ya ce tun ba a kunna fim ba ya gama kallon ƙasar nan. Bai taɓa zama kan kujera ba, ko ranar da ciniki ya yi masa kyau. A benci muke jiƙewa da zufa, wai don aƙida.

Finafinan Indiya ne yawanci, kuma a lokacin babu mai jin abin da suke faɗi. Mai gidan kallo yakan rage murya in ana surutu, sai an zo waƙa ya ƙure ta. A cikin wannan shirun Kwamared ya samu fili. Da farko ni kaɗai yake raɗa wa, sannu a hankali na bayanmu da na gabanmu suka riƙa miƙo kunne.

A wurinsa babu fim ɗin soyayya. Yarinyar nan mai dogon gashi gona ce. Ubanta mai mota da gashin baki jari-hujja ne. Saurayin da ake duka a ƙofar gida talaka ne ya zo neman haƙƙinsa. In suka shiga ruwan sama suna rawa, taron ƙungiya ne, sun sake shi don kada 'yan sanda su gane. In jaruma ta canza tufafi sau da yawa cikin waƙa ɗaya, ya ce ga alkawarin ɗan siyasa nan. Tagwayen da aka raba tun suna jarirai, ɗaya ya tashi a bene ɗaya a bakin titi, hujja ce cewa jini ɗaya ne, shinkafa ce ke raba mutane. 'Yan sandan da ke isowa bayan an gama faɗa kuwa ba ya ma fassara su, sai ya ɗaga hannu kawai, ɗaki ya ɗauki dariya.

Ko na 'yan Sin bai bari ba. Ɗalibi yana ɗibar wa malaminsa ruwa shekara da shekaru kafin a koya masa naushi ɗaya, Kwamared ya ce a tambayi tsohon nan ina ladan ɗibar ruwa. An taɓa sa wani na Turawa mai ƙaton maciji da ke haɗiye mutane, ya ce sunan macijin kasuwa, ba ya tauna kowa, haɗiya kawai yake yi ya kwanta.

Wani ɗan gidan malamai ya taɓa tare shi a ƙofa ya ce gurguzu kafirci ne. Kwamared ya ce to, amma ya lura wa ke fara miƙewa a dakatar da fim in an kira la'asar. Gaskiya ya faɗi, shi ne. Ni ma na tambaye shi wata rana, muna wanke hannu, ya gaya mini gurguzun nan a taƙaice, ban da dogon Turanci.

Ya ce, "Ka san gayya? To gayya ta, wadda in an girbe ba a kai wa mutum guda."

Gonar ubansa tana ƙarƙashin ruwan madatsar Bakolori tun yana yaro. Yakan ce yanzu tarwaɗa ce mai gona, kuma ta fi wasu masu gonar da ya sani adalci, don ita ko ba komai ana cin ta.

Akwai fim ɗin da ya fi so. Wani mai ƙasa mai gashin baki ya ƙwace gonakin mutane, suka gudu duwatsu, suka dawo kan dawaki da bindigogi, kawuna a naɗe, suka sauko kan ƙauye suka fasa rumbuna. Duk lokacin da aka zo wurin saukowar nan sai Kwamared ya miƙe tsaye, na baya suna zaginsa ya zauna. Rundunar talakawa yake kiransu. Mun kalli kaset ɗin har hoton ya fara rawa.

Sai fassara ta zo. Aka fara kawo finafinan da aka ɗora wa Hausa, muka ji yarinyar nan mai dogon gashi ta buɗe baki, ashe ba ta san wata gona ba, saurayi take so. Samari suka samu abin yi. Da ya shigo sai ka ji an ce, Kwamared, yau ma gonarka tana kuka saboda masoyi. Ya ce mai fassarar ɗan koren masu kuɗi ne. An yi dariya, amma daga ranar ba wanda ya ƙara miƙo kunne. Ba a daɗe ba kowa ya samu waya ya shige ɗakinsa da fim ɗinsa, gidan kallo ya koma na ƙwallo.

Mu biyu muka ci gaba a rumfata. Na samu wata tsohuwar talabijin na ɗora kan gangar mai, tsakanin matattun injuna, muna kashe murya gaba ɗaya. A shekarun ne matata ta rasu. 'Ya'ya suka watse, wani Gusau wani Legas, sai Sallah ake jin muryarsu, ita ma a gaggauce. Sa'o'ina na Mafara ba su da hira sai ta wane ya raba taki, wane zai raba atamfa. Ba na zama da su, su ma ba su neme ni ba. Manoma su kawo inji, su yi ƙorafi, su ɗauka su tafi. Talata ce kaɗai ranar da nake jin dariyata da kunnena.

Daga nan hanya ta lalace, 'yan bindiga a kan babura suka fara tare ta. Kwamared ya tsallake Talata ɗaya, ya zo. Ya tsallake wata guda, ya zo a rame, bai kai ƙarshen fim ba ya ce zai koma da sauran rana. Daga baya ɗif, wayarsa ma ba ta shiga. Abin da ya samu Gidan Goga kowa ya ji shi, ba sai na maimaita ba. Wani direba mai ɗaukar albasa ne ya gaya mini yana raye, yana cikin garin Maradun a zauren wani ɗan'uwansa, keken ɗinkin ya ƙone tare da shagon. Sai ya ƙara da cewa mutumin fa ya daina magana, jingina yake yi da bango tun safe.

Da ya ce mini ciwo ne ya kwantar da shi da ban ji tsoro haka ba. Kwamared ba shi da wata dukiya sai baki. Ni kuma ba ni da kowa sai bakin nan.

Na je wurin mai tura finafinai a waya na ce ya nemo mini wancan na masu dawaki, wanda ba a yi wa fassara ba. Ya dube ni kamar na ce ya nemo mini kwabo mai huda. Ya sha wahala kafin ya samo. Abin da ke kaina ɗaya ne, wannan ne fim ɗin da ke miƙar da shi tsaye. Ban yi tunanin komai bayan haka ba. A kaina doki daban, babur daban.

Da safe na shiga mota. Direba ya ce duk mai komawa ya dawo tasha kafin la'asar, ba ya jiran kowa. Na same shi yadda aka faɗa, a zaure, kusa da wasu buhunan kaya da ba a kwance ba. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da haƙurin abin da ya faru. Kowace ya amsa ta daidai, lafiya lau, alhamdu lillahi, kamar yana amsa wa mai karɓar haraji. Har Malam ya kira ni. Tun da muka san juna bai taɓa ce mini Malam ba.

Aka aiko da fura daga cikin gida. Na jingina wayar da kwanon, na kashe murya, na kunna. Yarinya ta fito, bai ce komai ba. Mai gashin baki ya fito da motarsa, shiru. Na ga abin zai mutu a hannuna, sai na fara fassarar da kaina. Na ce ga jari-hujja nan ya ƙara ƙiba. Ko ni ban ji daɗinta ba. Bakanike ne ni, ba ni da gishirin.

Har aka zo wurin saukowa. Mutane masu naɗaɗɗun kawuna suka gangaro daga duwatsu da bindigogi a sama, mata suna kwasar yara, ana banka wa bukkoki wuta, duk babu sauti. Na dubi ƙafarsa na ga yatsun sun ƙanƙame tabarma. A nan na gane abin da na ɗauko tun daga Mafara na kawo wa mutumin nan har zaure. Na kai hannu zan kashe, ya riƙe mini wuyan hannu.

"Mai da shi baya," ya ce.

Na mayar. Ya ce in ƙara kaɗan, sannan in tsayar. Ya sa yatsa a can gefen hoton, bayan dokin jarumi. Wani mutum ne da ɗan bante, ko fuskarsa ba a gani sosai, ya saɓa akuya a wuya yana gudu.

"Ka san wanga?"

Na ce ban san shi ba.

"Ni na."

Ya ce mun kalli fim ɗin nan har kaset ya gaji, yana miƙewa yana tafi, bai taɓa ganin mutumin nan ba sai yau. Ya tambaye ni dawakin nan masu ƙiba, dawar wa suke ci a cikin duwatsu. Ya ce mai gashin baki tun hantsi ya shiga mota ya yi birni, rumbun da ake fasawa na wanda ba shi da inda za shi ne. Muryar a dushe take, amma tasa ce, har da ɗan jan numfashin da yake yi kafin ya soki mutum.

Na ce, "To Kwamared, gurguzun fa? Ya ƙone da keke?"

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Shina nan. A bar mai akuya da akuyatai. In an yi wanga, sauran mu yi gardama."

Ya yi dariya, tari ya kama shi, ya sha fura. Daga nan ya karɓe wayar daga hannuna. Jarumi da bos ya bar su suna ta kashe juna, shi mutanen baya yake bi. Wata mai tulu da ta faɗi ta tashi, ya ce maƙwabciyarsa ce, haka take gudu. Wani tsoho da ya tsaya ƙofar bukka ya ƙi motsi, ya ce ladaninsu ne, taurin kai ɗaya. Wasu ya faɗi inda suke yanzu. Wasu ya faɗi sunansu kawai ya wuce, ban tambaya ba. Bai miƙe tsaye ba ko sau ɗaya, amma bai yi shiru ba har inuwa ta juya na ce mota za ta bar ni.

Ya rako ni bakin zaure, iyakarsa ke nan. Na ɗan yi nisa ya kira ni.

"Injiniya. In za ka dawo, ka taho da wanda babu bindiga."

Wanda babu bindiga wuyar samu gare shi, ban sani ba sai da na nema. Mai turi ya gaji da ni. Kowanne na ja shi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, sai ka ga ana tsakiyar rawa wani ya zaro ta daga aljihu. Da ƙyar na samu ɗaya, na biki ne a gidan masu kuɗi, bene da fitilu, dangi suna ta kuka ba a san dalili ba.

Yana cikin wayata yanzu. Direbobi sun ce a dakata tukuna, hanyar ba ta yi ba. Kowace Talata in na rufe rumfa da azahar nakan biya tasha in tambaya, in dawo in zauna cikin injuna. Ban kalle shi a tsanake ba, ba na so in riga shi. Amma wajen dubawa idona ya faɗa kan wani dattijo a bayan ango, yana riƙe masa laima, ruwa yana dukansa shi. Ban san ko wane ne ba. Na bar wa Kwamared ya faɗa.