Jan Irin da Muka Binne

Shekarar da tsutsa ta cinye kan hatsi a ƙauyenmu na wajen Tchaké, tun sanyi bai fita ba na shiga rumbu da tsintsiya na share ƙasansa. Mu biyar ne a gidan: ni, ƴaƴana uku, da mahaifin mijina wanda nake ce wa Baba. Maigidan ya tafi ci rani Libiya tun kaka, daga baya wayarsa ta daina shiga. Zaɓaɓɓun zangarniyar da Baba ke ratayewa a ɗakinsa don iri, su ma ya sauko da su da hannunsa ya miƙo mini, na sussuka na dafa. Da bazara ta kama, ganyen jiga da ƴaƴan anza muka koma ci. Wanda bai taɓa cin anza ba kada ya ce mini komai. Kwana da kwanaki kina jiƙa ta kina zubar da ruwa, ɗacin nan yana nan yana jiranki a maƙogwaro.

Ana cikin haka mutanen porje, wato masu aikin taimako, suka zo da farar mota, suka zauna ƙarƙashin gawon ƙofar maigari suka rubuta gidaje. Abu biyu suka ce za a ba mu: irin shuka, da abincin da zai riƙe mu har hatsi ya nuna. Irin ne ya fara isowa daga Mayahi a kan amalanke. Abincin kuwa aka ce yana hanya, mako guda.

Ɗan buhu ne, bai wuce tiya huɗu ba. Da aka kwance bakinsa sai na ja da baya, don hatsin ja ne jawur kamar an rina shi. Malamin gona, wani siririn mutum mai haƙuri, ya ɗebo a tafinsa ya ɗaga kowa ya gani. Ya ce iri ne mai saurin nuna, jan kuma magani ne na ƙwari, guba ce, ko kaza kada a bari ta tsattsaga. Sannan ya ja kunne sau uku: kada a yi binne da shi. Binne ita ce shukar da muke yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, iri ya kwanta ya jira. Ya ce a dakata sai an yi ruwan da mutum zai tona da hannu ya tarar da laima har wuyan hannunsa, don wannan irin in ya tafi babu na biyu.

Na ce da matar da ke gefena, "Ikon Allah! A kawo hatsi gidan da aka kwana uku ba a hura wuta ba, a ce kallo za a yi?" Ta zungure ni da gwiwar hannu. Bakina ba ya da linzami, duk garin an sani.

Baba ya rataye buhun a ɗakinsa, wurin da zangarniyarsa ta saba zama. Mako ya wuce, babu mota. Na biyu ya wuce. Kullum sai wani ya dawo daga kasuwar Mayahi da sabon labari, yau mota ta lalace, gobe ta tsaya Tasawa. Ƙaramar ɗiyata, mai shekara uku, ta daina kuka. Wannan shi ya fi tsorata ni. Sai ta zauna jikin danga tana bin ni da ido, kanta ya yi mata nauyi.

A mako na uku, ranar wata Talata, Baba ya tafi masallaci sallar azahar. Surukuwa ba ta shiga ɗakin suruki, ni ma shekara goma ban taɓa taka ƙofarsa ba. Ran nan na shiga. Na ɗebi ludayi uku na ɗaure buhun yadda yake. Na wanke hatsin nan har hannuna ya yi sanyi, ina zubar da jan ruwa bayan ɗaki ina tura masa yashi da ƙafa. Na daka, na dama kunu, na fara sha ni kaɗai, na zauna ina jiran in ga ko zan mutu. Da la'asar ta yi ban mutu ba, na ba yara. Cikin babban ɗana ya murɗa, ya yi amai, Allah ya tsare. Na san ganganci ne, na san zan iya kashe su da hannuna. Duk da haka ranar Alhamis na sake shiga.

Ranar Asabar da sassafe na ga Baba tsakar gida da sungumi a kafaɗa, buhun a hannu. Sama fes, ko ɗigon girgije babu.

"Ɗiyata, ɗauko ƙwarya ki biyo ni."

"Ina za mu, Baba?"

"Gona. Binne za mu yi."

Kunyar da nake ji tasa ta fice mini daga ka. Na ce, "Binne? Baba, kunnenka ƙalau kuwa? Ba a gabanka mutumin nan ya yi magana ba? Shi ke nan abin da muka mallaka a duniya, za ka kai wa rana ta soya!" Maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ni ba. Ya ce ubansa binne ya yi, kakansa ma haka, ya sa kai ya fita.

Shuka aikin mutum biyu ne. Ɗaya na gaba yana sara da sungumi, ɗaya na baya yana jefa iri yana rufewa da diddige. Tsoho mai shekara saba'in da yunwa a cikinsa ba zai iya duka biyun ba, kuma na ga in na ƙi zai zubar da rabi a banza. Na bi shi. Yashi na ƙona mini tafin ƙafa, ina jefawa ina mita, ina rufewa ina hawaye. Kafin rana ta take, buhun ya zama fanko. Ya kakkaɓe shi a rami na ƙarshe, ya naɗe ya sa a aljihu.

Kwana huɗu bayan nan motar abinci ta iso. Kwana huɗu kacal, jama'a! Buhun hatsi, wake, mai, da wani gari na yara da ake damawa. Ba zan ɓoye alheri ba: abincin nan shi ya bar mini ƴaƴana. Cikin mako biyu ƙaramar ta koma kuka da ƙiriniya, har na dake ta a kan ta zubar mini da ruwa, na koma bayan ɗaki ina dariya ni kaɗai. Kowane wata motar ta dawo har kaka, ba ta sake makara ba.

Amma gona ta riga ta haɗiye nata. Aka yi wani ɗan yayyafi da bai ko kwantar da ƙura sosai ba, irin yayyafin da ke yaudarar iri. Binnenmu ya tsiro, layi layi, kore shar. Sai sama ta ɗauke kusan mako uku. Kullum da safe Baba na zuwa ya tsaya bakin gona, ya juyo gida. Ni sau ɗaya na je. Tsiron ya kwanta ya zama kamar zare, in ka taɓa sai ya marmashe.

Da ruwan gaske ya sauka, gari ya fita da jan irinsa, mu muka tsaya hannu wofi. Na ɗebi hatsin taimako muka yi maimai da shi. Hatsin wata ƙasa ne mai dogon ruwa. Ya yi tsawo ya fi mutum, kara kamar rake, ruwa ya ɗauke bai fidda kai ba.

Malamin gona ya zo zagayen gonaki tare da maigari da dattawa. Ya tsaya a tamu ya daɗe, sannan ya tambayi Baba a hankali me ya sa ya yi binne bayan an hana. Baba ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Taurin kan tsufa ne, malam. Laifina ne ni kaɗai." Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na tsoma baki: "Na faɗa masa! Wallahi har da kuka na faɗa masa!" Dattawa suka kawar da kai. Daga ran nan samari suka laƙa masa suna, in ya wuce sai a ce ga mai shuka wa rana. Mutumin da a da ake zuwa tambayarsa ranar da ya kamata a fita shuka.

Kaka ta yi kyau ga waɗanda suka jira. Irin ya yi abin da aka ce zai yi, na gani da idona a gonar maƙwabcinmu. Ni sai na bi gidaje ina sussuka ana ba ni ƙwarya, da haka muka tara ɗan abin da muka tara. Ban daina yi wa Baba hidima ba, amma na daina zama in ji hirarsa. In na ajiye masa tuwo sai in juya.

Da sanyi ya shigo tari ya kwantar da shi. Wata rana da hantsi ya sa aka kira ni, ya ce in shigo ciki. Na durƙusa bakin tabarma. Ya jawo ɗan buhun nan daga ƙarƙashin matashi, cike da hatsi, ashe gida gida ya bi ya roƙi irin nan mai sauri wajen waɗanda ke masa dariya.

"Ki kai gidan maigari a ajiye miki. Kada ya kwana gida ɗaya da yara."

Na ce to.

Ya yi tari, ya huta. Sannan ya ce, "Turmi yana riƙe launi, ɗiyata. Ranar Talata na gani, na goge da yashi. Ranar Alhamis na sake gani."

Na zuba wa tabarma ido. Na kasa ɗaga kai.

"Ban ga laifinki ba. Ni ma ina kwance ina kallon buhun nan, ina jin numfashin ƙaramar ta bayan danga. Da ya ƙara kwana biyu a ɗakin nan, da kaina zan ce ki daka sauran. Na ga gara ƙasa ta ci shi da su su ci."

Na buɗe baki in roƙi gafara, ya ɗaga hannu ya ce in tashi in duba tukunyata kada ta ƙone. Bai kai bazara ba.

Na shuka irin nan bayan ruwa ya kai wuyan hannu, ya kuma yi. Har yau jikokinsa nake shukawa. Amma a garinmu, in wani ya yi gaggawar shuka, sunan da samari suka laƙa wa Baba ake kiransa da shi, ana dariya. Na sha jin haka a bakin rijiya, guga na hannuna. Ni mai bakin da ba ya shiru, ban taɓa cewa su bari ba, ban taɓa gaya wa kowa abin da ke cikin turmin ba sai yau.