Jinyar Surukina a Kakar Acha

Ban cika shekara da aure ba aka ɗora mini jinyar surukina, mutumin da ko ƙwayar idonsa ban taɓa kallo ba. A farkon shekarun casa'in ne, muna zaune a gidansu maigidana, wani ƙauye kusa da Manchok. Shi maigidan nawa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, an tura shi can wajen Bauchi, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Saboda haka ni da iyayensa da ƙannensa muke cin tuwonmu.

Baba dattijon ikilisiya ne, dogo, mara yawan magana. In ya yi gyaran murya a zaure, har karen gidan yakan gyara kwanciya. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In durƙusa in ce, "Baba, an tashi lafiya?" ya amsa yana kallon rufin rumbu, ni kuma ina kallon yatsun ƙafata. In na kawo masa abinci sai in ajiye in yi gaba, don ba zai buɗe kwano ina tsaye ba.

Ya daɗe yana fama da ƙaba, kullum yana cewa sai bayan kaka zai je a duba shi. Kaka kuwa ta zo sau da yawa ta wuce. A wannan shekarar ciwon bai jira shi ba. Ana tsakiyar yankan acha ya sunkuya zai ɗaga dami, sai ya zube a wurin. Aka ɗauko shi a bayan akori-kura zuwa asibiti a Kafanchan. Likita ya ce hanji ya shaƙe, a ranar aka shiga da shi tiyata.

Duk wanda ya san acha ya san ba ta jiran kowa. In ta nuna aka yi sakaci, sai ta zube a gona tsuntsaye su yi godiyar kaka a madadinku. Uwar mijina, wadda muke kira Mama, ta tsaya a barandar asibiti ta auna mu ɗaya bayan ɗaya. Samari dole su koma yanka, 'yan mata su koma tattaka, ita kanta in ba ta nan aikin ba zai yi kai ba. Ni kuwa ina da ƙaramin ciki, an riga an hana ni sunkuyo.

"Amarya, kai ne za ka zauna da shi," in ji ta. "Kai ka yi makaranta, za ka ji abin da sista yana faɗi."

Amarya dai ba ta da bakin musu. Aka bar mini tabarma da tukunya da bokiti, suka hau mota suka tafi.

Asibiti a lokacin kaka wani gari ne daban. Ɗakin maza cike yake da waɗanda lauje ya yanka da waɗanda maciji ya sara a cikin kunyoyin gona, ɓangaren yara kuwa zazzaɓi ne ya cika shi. A bayan ɗakunan, ƙarƙashin itatuwan mangwaro, masu jinya sun kafa murhu layi-layi. Kowa ya zo dubiya da abin gonarsa yake zuwa, don haka ba ka rasa mai miƙo maka dafaffiyar gyaɗa ko gasasshiyar masara. A can na koyi yadda ake jiƙa ruwan gishiri da sukari, a can kuma na ji tarihin ciwon mutanen da ban taɓa sani ba, har da na kakanninsu.

Da Baba ya farfaɗo, sista mai kula da ɗakin ta kira ni gefe. Wata gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, ba ta girme ni da shekaru da yawa ba. Ta ce kada in kuskura in ba shi ko ɗigon ruwa, ƙarin ruwan da aka rataya masa ya ishe shi. Sai hanjin ya farka ya fara aiki tukuna. Na tambaye ta yadda za mu gane ya farka.

"In ya yi tusa," ta ce, kamar tana gaya mini farashin manja. "Ka kasa kunne sosai. Da ka ji, ka zo ka faɗa mini."

Ni da ko tari ba na iya yi a gaban mutumin nan, ni ce aka naɗa mai gadin wannan al'amari. Amma na ɗauki aikin da gaske, don an ce ransa ne. Na jawo benci har jikin gadonsa na zauna. In ya motsa in miƙe, in ya yi nishi in matso da kai. Ba na barin wurin sai ɗiban ruwa ko girki, shi ma a guje nake zuwa in dawo.

Kowace safiya sista ta zo ta tsaya a kansa, ta ɗaga murya yadda har na ƙarshen ɗaki zai ji. "Baba, ka yi tusa?" Sai Baba ya kafa wa silin ido, ya girgiza kai a hankali. Ta juyo gare ni, ni ma in girgiza nawa.

Abin bai tsaya a asibiti ba. A gidan akwai al'adar da ba a taɓa karyawa ba: ba mai sa sabon hatsi a baki sai Baba ya yi addu'a ya fara ɗanɗanawa. Ga sabuwar acha an tattake an sheƙe tana jibge a tsakar gida, su kuwa suna ta cin tuwon tsohuwar masara mai warin rumbu. Mama ta aiko mini da garin sabuwar acha kaɗan a ƙulle cikin ƙyalle, ta ce da an ba shi izinin ci in dama masa kunu, in aiko musu da labari. Don haka duk wanda ya zo daga gida, kafin ya gama gaisuwa zai ja ni baranda ya rage murya ya ce, "Ya yi?" Ranar Lahadi zumuntar mata suka zo bayan sujada, suka kewaye gadon suka yi waƙa. Shugabarsu ta yi doguwar addu'a tana roƙon Ubangiji ya buɗe hanyar da ta toshe. Kowa ya ce amin da ƙarfi, ban da Baba, wanda ya ja bargo har hancinsa.

Ina ba da labarin yanzu ina dariya, amma a lokacin tsoro ne ya cika ni. Leɓɓan Baba sun bushe sun tsage, idanunsa sun faɗa, cikin kuma a kumbure. Likita ya ɗora abin sauraronsa ya ce yana jin ɗan motsi, sai dai in har iska ba ta fita, to akwai inda ya sake toshewa, dole a koma tiyata. Ya ja ni gefe ya ce ba zai ɓoye mini ba, tsoho mai wannan rauni ba lalle ya tashi daga yanka na biyu ba. Na je bayan tankin ruwa na yi kukana na share fuska na dawo kan bencina.

A gadon da ke kusa da na Baba akwai wani dattijo Bafulatani da saniya ta karya wa ƙafa, an rataye ta da igiya da nauyi. Baffa muke ce masa. Shi da Baba sukan taɓa hira kan ruwan bana da ɓarnar shanu, kowa yana ba ɗan'uwansa laifi cikin ladabi. Matarsa, Inna, murhunta na kusa da nawa, takan sammini nono ni kuma in ba ta yaji. Wata rana da hantsi ina wanke tukunya, sai ta matso ta tsuguna ta yi ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

"Yarinya," ta ce, "maigidana ya ce in gaya miki wata magana, amma bai ce shi ya faɗa ba."

Na ce ina ji.

"Abin nan da ake nema, yana zuwa. Tun shekaranjiya yana zuwa. Sai dai ba ya zuwa sai kin tafi famfo."

Na saki tukunyar na zauna daɓas a ƙasa. Ashe duk zaman nan da nake yi a jikin gadonsa ina kasa kunne, azaba nake ba bawan Allah. Yana danne abinsa har sai ya ga bayana, ni kuma don tsabar himma ba na daɗewa nake dawowa. Da safe kuma a tambaye shi a gaban matar ɗansa, ya gwammace a sake yanka shi da ya ce e. Baffa yana ji yana gani, shi ma kunya ta hana shi buɗe baki, sai da ya ji ana zancen wuƙa.

Raina ya ɓaci, ban san da wa zan fara ba. Na nemi sista, aka ce ta bi likita zagaye. Ina shiga ɗakin na same su tsaye a kan Baba, likita yana cewa a shirya shi zuwa yamma. Ya yi masa tambayar nan karo na ƙarshe, Baba ya kalli silin ɗinsa ya girgiza kai.

"Likita, ya yi," na ce. Muryata ta fito fiye da yadda na yi niyya. "Baba ya yi tusa. Tun shekaranjiya yake yi, kunyata yake ji."

Har wani mai nishi a gadon ƙarshe sai da ya ɗago kai. Likita ya tambaya ko da kunnena na ji. Na ce a'a, amma akwai shaida. Duk muka juya wajen Baffa. Ya ɗauki malafarsa ya kife a fuska, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

Likita bai yi dariya ba, ko da yake na ga gashin bakinsa yana rawa. Ya sake danna cikin, ya saurara da kyau, ya ce a dakatar da tiyata, a fara ba shi ruwa cokali-cokali. Ni kuma ya ce in riƙa zama a baranda sai an kira ni. Sista ce ta kasa daurewa, ta fita da sauri tana toshe baki da hannu.

Washegari aka yarda ya sha kunu mai ruwa-ruwa. Na kwance ƙyallen Mama na dama masa, na ajiye a gefen gado zan fita kamar yadda na saba. Bai kalle ni ba, amma ya ce in tsaya a yi addu'a. Ya gode wa Ubangiji don ruwan sama da ƙasa da ƙarfin masu yanka, bai ambaci komai game da ciki ba. Ya kurɓa sau biyu, ya sa aka zuba wa Baffa a kofi. Na aika gida da direban motar garinmu, aka ce a ranar har maƙwabta sun ci tuwon acha a gidan.

Bayan an sallame shi muka koma yadda muke. In durƙusa in gaishe shi, ya amsa wa rumbu. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka, ko da yake Mama takan kalle ni wani lokaci ta ƙyalƙyale da dariya ba dalili. Na daɗe ina zaton bai yafe mini ba, kuma abin yana damuna, don ina ƙaunar tsohon nan.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wannan karon 'ya'yansa mata duk sun zo, daga Kaduna da Jos, kowace da shirin kwana a asibiti. Ya kai matsayin da sai an juya shi, an wanke shi, an canza masa zane. Suna ta shawarar wadda za ta fara, ni ina can bakin ƙofa da goyo a baya, sai ya ɗaga hannu suka yi shiru.

"Ku je gida ku huta," ya ce. "Ku bar mini amarya. Shi ne ba ya bari kunya ya kashe mutum."

A lokacin 'ya'yana uku, amma a bakinsa ban tashi daga amarya ba. Na kwance goyon na miƙa wa babbar 'yarsa, na ɗauki bokiti na tafi famfo. Da na dawo na jiƙa tawul zan goge masa fuska, sai na ga idanunsa a kaina, bai kawar ba. Ni ma ban sunkuyar da nawa ba, na ci gaba da goge masa goshi.