Ranar da Taka-Birki ya ɗage ƙafa

Ɗalibansa ne suka laƙaba masa Taka-Birki, sunan kuma ya bi shi har gida. Tuƙi yake koyarwa da wata tsohuwar mota mai birki biyu, ɗaya a gefen ɗalibi, ɗaya a gefensa. Kafin ɗalibi ya hango kwana, shi ya riga ya taka. Motar ba ta taɓa ƙujewa ba, da wannan yake bugun ƙirji.

A gida ma haka yake. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana tsakiyar sakandare makinta ya soma zubewa. Duk ranar da ta ce, "Baba, ni fa a aji..." sai ya ƙarasa mata.

"Lissafi ne ko? Gobe zan kawo mai lesin."

"To, Baba."

Mai lesin ya zo ya tafi. An karɓe waya, an sayo agogo mai ƙararrawa. Sakamako bai motsa ba, yarinya kuwa ta daina fara maganar ma. In ya shigo falo sai ta tattara littattafanta ta shige ɗaki. Wannan ya fi jan biron malamai ci masa rai.

Matarsa ce ta tura shi. "Ran Asabar iyaye suna haɗuwa a ɗakin karatun unguwa. Ka je."

"Ni da nake koyar da mutane?"

"Shi ya sa ma, maigida."

Wata malama mai ritaya ke jan zaman. Kujerun roba a zagaye, fanka mai ƙara, littafi guda a kan sauraron yara yana yawo hannu zuwa hannu. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: ba a taya mai karatu, kuma in mutum ya kawo damuwarsa tambaya ake yi masa, ba shawara ba.

Littafin ya iso hannun wani mai facin taya, wanda ke bin layi da yatsa duk baƙin mai. Ya maƙale a wata kalma. Taka-Birki ya jefa masa ita.

"Direba, wa ya kira ka?" in ji malama.

"Na ga zai faɗa rami ne, Malama."

"Ramina ne ko naka?" in ji mai faci. "Ina dab da fitowa ka danne ni."

Ana cikin dariya wani mai shagon magani da ke zaune kusa da Taka-Birki ya zungure shi. "Bawan Allah, tun ɗazu kake taka mini takalmi." Ya duba. Ashe duk lokacin da mai karatu ya yi jinkiri, ƙafarsa neman birki take yi.

Ya so ya daina zuwa, amma ya tuna ƙofar ɗakin Auta. Asabar ta gaba ya dawo, ya sarƙe ƙafarsa a bayan ƙafar kujera. Mai faci ya sake maƙalewa. Shirun ya yi tsawo har gumi ya keto wa Taka-Birki, kalmar tana masa ƙaiƙayi a harshe. Ya daure. Can mai faci ya furta ta da kansa, ya wuce har ƙarshen shafi bai ƙara tuntuɓe ba.

Da aka zo kansa ya kawo batun Auta. Malama ta ce, "A motarka, yaushe kake sanin ɗalibi ya iya?"

"Ban cika sani ba," ya ce a hankali. "Ba na ɗage ƙafar."

Ran Litinin shi ya je ɗauko ta daga makaranta. A hanya ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya janye ƙafafunsa daga fedoji.

"Auta, kin sha fara mini magana ina katse ki. Yau ba zan katse ba."

Ta kalli jakarta. Motoci suna ta wucewa. Ya riƙe sitiyari gam.

"Baba, ni fa a aji..." Ta tsaya, ta ɗago tana jira ya ƙarasa. Ya cije leɓe. "An mayar da ni layin baya don na yi tsawo. Ba na ganin allo. Rubutun kamar hayaƙi yake."

"Tun yaushe, 'yata?"

"Tun bara. Littafin ƙawata nake kwafa."

Ya nuna mata lambar wata mota da ke tsaye can gaba, gwajin da yake yi wa kowane sabon ɗalibi kafin ya miƙa masa makulli. Ta ƙanƙance idanu.

"Ina dai ganin abu fari."

Nan take bakinsa ya cika da tsari: wanda zai kira, abin da zai gaya wa malamin ajinsu. Ya haɗiye duka.

"Me kike so mu fara yi?"

"A duba mini ido." Ta juyo ta kalle shi. "Amma ni zan zaɓi gilashin, Baba. Kai na tsofaffi za ka ɗauko."

"Ke za ki zaɓa," in ji shi. Ya tayar da mota, ita kuma ta ci gaba da magana.