Soson Katifa a Babur ɗin Injiniya

Ranar Talata ce cikin Agusta, an wayi gari da yayyafi mai naci, titin Panshekara ya zama kunu. A cikin wannan caɓalin babur ɗin Ɗalhatu Injiniya ya yi tari sau biyu, ya fesa baƙin hayaƙi, ya mutu.

Ɗalhatu bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba. Shekara goma sha ɗaya yana yankan soso a wani kamfanin katifa a Sharaɗa. Wata rana injin yanka ya tsaya, ya ɗauke shi da mari, injin ya tashi. Tun daga nan ya sa wa kansa sunan, ya kuma sayi sukundireba yana yawo da ita a aljihun gaba kamar biro.

Wata guda ke nan babur ɗin yana shan mai kamar tirela. Ya canja fulogi uku. Ya murɗa sukurun kafireta har kansa ya cinye. Ya zagi masu sayar da mai a galan. Sau huɗu yana makara, har Idrisu foman, mai rubuta sunayen waɗanda suka zo bayan ƙarfe bakwai, ya ce masa in ya ƙara ɗaya kada ma ya wahalar da kansa ya shigo.

Ga shi bakwai saura ashirin da biyar, yana tura babur. Dole ta sa ya ratse rumfar Malam Ya'u bakanike, tsohon da ya saba kira mai gyaran keke.

"Baba, jet ɗin kafireta ne ya toshe. Ku hura min shi kawai, sauri nake."

Malam Ya'u ya durƙusa gaban babur ɗin. Ya kwance fulogi ya ɗaga shi. Baƙi ƙirin, busasshe, kamar gindin tukunya.

"In jet ya toshe, mai ba ya isa. Wannan kuwa mai ne ya yi masa yawa. Iska yake nema."

"Iska? Baba, ɓangaren iska ni na gyara shi da hannuna."

"To, shi zan fara dubawa."

Ya buɗe akwatin da ke tace iska, ya sa yatsu biyu ya ja. Abin ya ƙi fitowa sai da ya haɗa da filaya. Soson katifa ne mai tauri, an ninka shi biyu an danna, ya sha baƙin mai ya yi sharkaf.

"Injiniya, babur ɗin ne ya ce maka bayansa na ciwo?"

Mai shayin da ke gefe ya ƙyalƙyale da dariya har ya zubar da madara.

"Lamba ɗaya ne wannan soson!" in ji Ɗalhatu. "Shekara ashirin ana kwana a kansa bai lotsa ba."

"Ka toshe hancinka da shi mana, ka yi gudu zuwa Challawa mu gani."

Tsohon ya sa soso marar kauri, ya goge fulogi, ya lallaɓa sukurun da ya cinye har ƙarshe, ya dawo da shi juyi ɗaya da rabi. Ya buga kik, ya karkata kunne yana taɓa sukurun kaɗan-kaɗan har ƙarar ta daidaita. Hayaƙin ya ɗauke. Da Ɗalhatu ya tafi a lokacin, da ya isa. Sai ya tsaya yi wa mai shayi bayanin darajar soso, ya kuma nemi a ba shi nasa a leda.

Bakwai da minti goma ya iso ƙofar kamfani. Littafin makara yana kan benci, babu mai rubutawa. Can sai ga Idrisu foman ya ɓullo yana tura nasa babur ɗin, laka har gwiwa. A nan Ɗalhatu ya tuna: sati biyu da suka wuce, don neman shiri, shi ya yanka wa foman irin soson nan ya danna masa kyauta.

"Ranka ya daɗe, ku shiga ku wanke ƙafa. Ku bar min shi."

Ya ja babur ɗin bayan ɗakin mai gadi, ya zare soson ya cusa a aljihu, ya goge fulogi, ya yi wa sukurun kafireta juyi ɗaya da rabi. Ya ma karkata kunne yadda ya ga an yi.

"Me ya same shi?" in ji foman da ya ji ƙara.

"Iska yake nema. Ba kowa ke gane wannan ba."

Ba a rubuta sunan kowa ba ranar. Kafin Juma'a ya bi sauran babura shida da ya yi wa kyautar soso, ya warkar da su duka.

Ɗalhatu yana nan a kamfanin, an ma ba shi kula da injin yanka. Yanzu har foman Injiniya yake ce masa. Ta bayan layi yake bi zuwa aiki, don kada ya wuce ta gaban rumfar Malam Ya'u.